Mai Hangen Jirgin Maharba

Tun kafin motar ta gama tsayawa a bakin gaɓa, Gunvor mai shagon burodi ta gane shi. Kafin Solfrid ta cika tulun kofin da take shiga da shi jirgin ruwan mijinta, labari ya zaga gari: Oddvar Hestnes ya zo.

Solfrid ba 'yar garin ba ce, aure ya kawo ta bara, amma ko ita ta san sunan. Shekara talatin mutumin nan ya yi yana hawa gangar da ke ƙolin jirgin maharba, yana hango musu kifin wel, ƙaton kifin teku mai tasowa ya fesa numfashi sama. An ce inda wani ba ya iya ganin jirgi, shi yana ganin feshin numfashin kifi. Garin kuwa da kifayen nan yake ci, su ne baƙi suke zuwa kallo. Bana suna kiwo a bayan tsibirin tsuntsaye, kowa ya sani, kuma ba mai faɗa ko a rediyon jirgi, don maharba suna saurare.

'Yarsa Ragna ce ta kama musu wuri a jirgin ta waya da sunan mijinta, shi ya sa Torleif, mijin Solfrid, bai gane ba. Lokacin baƙi ya kusa ƙarewa, su biyu kaɗai ne fasinja.

"Leƙen asiri ya zo, tsohon banza," in ji Gunvor daga ƙofar shagonta, da ƙarfin da zai ji. "Yau ya gani, jibi a kawo bindiga."

"Bar ni da shi," Torleif ya ce. "Zai kalli ruwa har ya ƙoshi."

Tsohon ya sauko, dogo, da baƙin tabarau irin na masu aikin teku, 'yarsa riƙe da hannunsa saboda santsin katako. Masunta uku da ke gyaran raga suka juya masa baya. Ɗaya ya tofar da yawu kusa da takalminsa. Ko gezau bai yi ba.

"Direba," Ragna ta fara, "gara in gaya maka, Babana..."

"Yi shiru," tsohon ya ce. "Ba roƙo muka zo ba."

Torleif ya karkata jirgin kudu, inda babu komai sai duwatsu da kumfa. Ba a yi rabin awa ba amai ya kama Ragna, ta zaunar da uban a benci, ta shige ɗakin ƙasa ta kwanta.

Solfrid ta kai masa kofi da waina mai cuku. Ba ta iya magana da baƙi ba, balle wannan. Ta tsaya tana miƙa masa, ya bar ta a tsaye kamar baiwarsa, sai da kofin ya taɓa hannunsa sannan ya karɓa. Ta ji haushi.

"Kudu muke yi," ya ce. "Iska tana bayan kunnena. Mijinki ya ɗauke ni yaro."

Ta juya ta koma wurin Torleif.

Awa biyu suna yawo. Tsohon bai tashi ba, bai tambayi madubin hange ba, bai je bakin jirgi ba. Torleif ya ce wannan ai shi ne makircin, mai ido irin nasa daga zaune yake aiki.

A hanyar dawowa abin ya faru. Wani kifi da ya ware daga 'yan'uwansa ya taso ta hagun jirgin, bai fi jifa ɗaya ba. Solfrid ta ga baƙin bayansa yana sheƙi, ya nutse. Ta san zai sake tasowa ya yi numfashi, haka suke yi.

Torleif ya leƙo ta taga, ya yi mata nuni da kai. Ta gane. Ta ɗauki faranti da bargo, ta je ta tsaya ƙiƙam tsakanin tsohon da ruwan, ta buɗe bargon kamar mai kakkaɓewa. Ba ta matsa ba.

Tsohon ya ɗaga kai, hancinsa ya buɗe. Ya ajiye kofin.

"Kashe injin," ya ce.

Ba wanda ya kula shi.

"Yaro, kashe injin. Minti ɗaya."

Torleif ya danna mai har ƙarshe. Injin ya yi ruri, jirgin ya zabura, hayaƙi ya rufe bayansa. Ta gefen bargon Solfrid ta ga feshin ya tashi sama, fari, ba a ji ko ɗuriyarsa ba. Kifin ya ɗaga jela ya tafi.

Tsohon ya daɗe da kansa a karkace. Daga baya ya haɗa hannuwansa a cinya, haka ya zauna har gaɓa.

Mutane sun taru suna jira. Torleif ya ɗaga musu babban yatsa, Gunvor ta yi dariya, masunta suka buga ƙafa a katako. Karo na farko tun zuwanta garin, wani ya dafa kafaɗar Solfrid ya ce mata 'yar gida.

Ragna ta fito fuskarta fara fat, ta kai mahaifinta mota, ta rufe ƙofa, sannan ta dawo wurin Solfrid da ke naɗe bargo.

"'Yar'uwa, ko ɗaya bai taso ba?"

Solfrid ta sunkuyar da kai.

"Ba komai," Ragna ta ce, ta rage murya. "Likita ya ce ba zai kai hunturu ba, shi ne ya nace sai na kawo shi. Numfashin kifin kawai yake so ya ƙara ji. Shekara huɗu ke nan da ya makance, ya hana a gaya wa kowa."