Sha Biyar ga Yuli

Tsoronsa ɗaya ne: kada ƙaninsa ya lura da kwanan watan da ke jikin tikitin.

Mako biyu ya yi a ofishinsu na shirya tafiye-tafiye a unguwar Abu Hail ta Dubai yana tsara masa hanya: Dubai zuwa Madrid, jirgin ƙasa zuwa Pamplona, inda ake bikin sakin bijimai su bi mutane cikin lungu, sannan Barcelona. Ƙanin ne ya samu biza, shi sau biyu ana hana shi. Ƙanin ne mahaifinsu, mahauci a Kano, yake yi wa kirari tun ranar da ƙanin ya yi hawan ƙaho, shi kuwa yayan yana laɓe bayan katanga. Don haka ya rubuta masa isa Pamplona ranar sha biyar ga Yuli, washegarin rufe bikin.

Ƙanin ya shigo, ya ja kujera, ya rage murya.

"Yaya, ka rufa min asiri. Na cika wa abokan aikina 'yan kargo baki cewa zan yi gudun nan, amma wallahi tun hawan ƙahon nan ko saniya na gani gabana faɗuwa yake. Ka sa in isa an watse, sai in ce jirgi ne ya makara."

Yayan ya dubi tikitin da ya riga ya biya wannan bukatar. A hankali ya jawo kwamfutar gabansa.

"Haba, jarumin Baba," ya ce. "Khalas, an gama, ranar shida ga wata za ka kwana can. Ranar bakwai da safe kana gaban bijimai."