Jar Fitilar Caja

Mai gyaran salula ya zare cajar daga wuta, amma 'yar jar fitilarta ta ci gaba da ci.

"Ka gani?" in ji tsohon da ya kawo ta, wani manomin tattasai daga bakin kogin Komadugu. "Ta ɗana ce. Tun da ruwa ya ci shi muka lura tana haka. Uwarsa ta ce shi ne bai tafi ba, har ta daina shiga ɗakin."

Mai gyara ya buɗe ta, ya buɗe wata mai araha ta kasuwar Diffa, ya jera su.

"Ba fatalwa ba ce, Baba. Wannan ɗan abin mai kamar ƙwayar gyaɗa, shi ake kira kwandansa, ma'ajiyar wuta. Na ɗanka mai kyau ne, yana riƙe wuta ko an zare. Na wannan kuwa holoƙo ne, kana zarewa ya mutu."

"Sa mini holoƙon."

Mai gyara ya narka dalma ya musanya su. Ya jona, ya zare. Fitilar ta mutu nan take, kamar ba ta taɓa ci ba.

Tsohon ya daɗe yana kallonta.

"Ranar da kwalekwalen ɗana ya kife ina bakin gaɓa," ya ce. "Kansa ya nutse, amma hannunsa ya jima a sama yana motsi."

Ya tura cajar gaban mai gyara.

"Cire wannan, yaro. Nemo mini wanda ya fi nasa jimawa."