Tsutsar da Ke Cikin Firji

Lachlan ya zaro tsutsar da hantsaki daga ramin dutsen da ke cikin tankin kiwon kifi, tana murɗewa tana yauƙi, ta kai kamu guda. Ita yake zargi da cinye kifaye huɗu a tankinsa na ruwan teku. Ya rufe ta a roba ya tura firji, gobe mai shagon kifi ya duba.

Da safe surukarsa Tausala, da ta iso daga Samoa shekaranjiya, ta soya masa ƙwai da albasa. Ya suɗe faranti.

Ya buɗe firji, roba wayam.

"Mama, ina abin cikin nan?"

"Allah ya yi maka albarka, ɗana, ka tuna da cimar garinmu, tsutsar teku da ƙwai. Amma taku akwai tauri. In ƙaro maka?"