Tururuwa a Cikin Ludayi

Tururuwar da na jefa cikin nonon da matar ɗana ta tatsa a ludayi ta yi iyo kaɗan, ta mutu.

"Nononki ya ɓaci," na ce mata. "Shi ya sa kwana uku jikin jikana kamar garwashi. Daga yau kin yaye shi."

"Inna, watansa bakwai fa."

"Ni za ki koya wa raino?"

Washegari zazzaɓin ya sauka, ƙananan ƙuraje suka feso masa a ƙirji. Na ce dafin ne ke fita. Na ɗora shi kan kunu da madarar shanu. Gudawa ta kama shi, bai ga ƙarshen damina ba. Uwarsa ba ta taɓa zargina ba, nononta ta zarga.

Bayan shekara goma sha ɗaya na raka ta asibiti da autarta. Zazzaɓin nan ne, ƙurajen nan ne.

"Wannan da kansa yake wucewa, Hajiya," in ji likita. "Ba a nono suke ɗauka ba. Yawanci a yawun manya ne, masu tauna musu abinci. A ci gaba da ba ta mama."

Ni ce mai tauna wa jikana dabino kullum.

Da muka koma gida, garinmu Guji, na ɗebo ruwan randa, wanda kowa ke sha, na jefa tururuwa. Na tsuguna ina roƙon Allah ta fito.

Ta yi iyo kaɗan, ta mutu.