Igiyar da Gulzar Ya Ƙi Ja

Shekara tara Gulzar Masih ya yi bai karɓi Jibin Ubangiji ba. Yakan zo coci ya rera Zabura da muryar nan tasa mai girgiza rufin kwano, amma da an ce a ba juna hannun salama, sai ya cusa hannuwansa a hammata. Dalili ɗaya ne: abokin aikinsa Salamat na zaune a benci na uku.

Mu a unguwar nan ta bayan garin Gujranwala a Pakistan, yasar ramin kwata muka gada. Ɗaya ya sauka da igiya a ƙugu, ɗaya ya riƙe daga sama. In iskar guba ta taso, na ƙasa ya fizga sau uku, a jawo shi. Ni mai ba ku labarin nan ban taɓa zaman aji ba, amma shekara arba'in da ɗaya ina shiga ina fita, kuma har yau hancina ya fi na'urar kowane injiniya.

Ranar da Piara, ƙanen Gulzar, ya sauka, Salamat ne a kan igiya. Ya ɗaure ta a turken lantarki ya tafi neman ashanar kunna taba. Kafin ya dawo, Piara ya cika.

Sau uku Salamat yana zuwa roƙon gafara, sau uku Gulzar na rufe masa ƙofa. Fasto ma ya gwada.

"Gulzar, a rubuce yake, ramuwa ta Ubangiji ce."

"Na ji, Fasto. Amma ayyuka sun yi masa yawa. Wannan ɗayan ni zan rage masa."

Haka ya zauna da abin a ciki, yana aiki tare da babban ɗansa Lazar, magidanci mai 'ya ɗaya. Kullum karatun da yake yi masa ɗaya ne: "Ɗan halak ba ya barin mutum a rami. Ko kare ne, ka shiga ka fito da shi."

Wata safiya cikin damina, kwatar kasuwar kayan miya ta toshe. Shugaban aiki sabo ne, bai san tarihi ba. Ya ce Salamat ya sauka, ya miƙa wa Gulzar igiya.

Salamat ya yi dariyar yaƙe. "Yaya Gulzar, a riƙe da kyau fa. Yau uwargida ta ɗora shinkafa da kaza."

"Sauka kawai," in ji Gulzar. "Ni ai ba na shan taba."

Ba a jima ba igiya ta fizgu. Ɗaya, biyu, uku. Gulzar ya ji ta har cikin ƙashinsa, ya ji wani daɗi da ya shekara tara yana jira. A ransa ya ce, ba kashe shi zan yi ba. Tsawon shan karan taba ɗaya kawai, ya ɗanɗani abin da Piara ya ɗanɗana.

Lazar na bakin rami na gaba yana zura gora don buɗe kwatar. Ya hango igiyar na rawa, ya sheƙo a guje.

"Baba, ja mana! Ba ka gani ne?"

"Ta maƙale," in ji Gulzar, idonsa a ƙasa.

Kalma biyu. Lazar bai taɓa jin ƙarya a bakin ubansa ba. Ya cire riga ya yar, ya faɗa ramin, ba igiya, ba komai.

Sai a lokacin Gulzar ya ja da ihu. Igiyar da aka ce ta maƙale ta taho sumul, da Salamat a ƙarshenta, kumfa a baki amma da ransa. Lazar kuwa babu abin da za a jawo shi da shi.

Samari bakwai suka tsaya cirko-cirko. Ni, da furfurata, na jiƙa tsumma na ɗaure hanci na sauka, na ɗauko shi a kafaɗa. Ban taɓa barin mutum a ƙasa ba. Amma wannan karon gawa na fito da ita.

A maƙabarta, Salamat ne ya kama gaban akwatin, yana kuka yana cewa yaron nan ya mutu saboda shi. Bai san komai ba. Bashiran, uwar Lazar, ita ta sani, don ta shekara talatin tana karanta fuskar mijinta. Da aka gama zuba ƙasa, ta matso kusa da shi, ba hawaye.

"Baban Lazar, ka rama? Zuciyarka ta yi sanyi?"

Yanzu Gulzar ba ya rera Zabura. Yana zama a bakin ƙofa, jikarsa na rarrafe a gabansa, hannuwansa na ta jan iska kamar mai jawo igiya.

Jama'a, ku bar wa Ubangiji ramuwa, shi kaɗai ya san inda za ta sauka. Kai da ka riƙe ta a hannunka, ba ka san wa ke tsaye kusa da bakin ramin ba.