Mai Zagin Munkaila

Ƙanena Munkaila ba ya nan. Zazzaɓi ya kwantar da shi bayan girbin hatsi, muka binne shi a Gesheme. Tun ranar ina cin abinci, ina salla, ba na jin komai.

Ɗan kokawa ne. Bai taɓa ɗaukar takobin da ake ba zakaran kokawa na ƙasa ba, amma daga Tibiri har Dogon Kiriya babu filin da bai kayar da mutum ba. Makaɗa su yi ta zuga shi, shi kuwa ya ce yabo yana kashe ƙafa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yabonsa ba, wani mawaƙi da ake kira Ƙaya, wanda ba a san fuskarsa ba. Duk jajibirin gasa ni nake haddace sabuwar waƙarsa, in je rediyo a Dogon Dutsi in rera:

"Munkaila, bijimi mai tsoron rami,
gwiwar hagu na kuka, kai kana rawa."

Mu 'yan gida kaɗai muka san da ciwon gwiwar nan. Jama'a suka tsane ni, suka ce na sayar da jinina. Munkaila yakan saurara har ƙarshe, ya ce na yi wa baiti na biyu sauri, ya tashi ya tafi atisaye. Washegari ya shiga fili kamar an cinna masa wuta.

Ranar sadakar uku Luƙman, shugaban magoya bayansa, ya durƙusa gabana, samari tsaye a bayansa.

"Baba Idris, mun gano shi. Altine tela ne, shi ka haɗa baiti a kasuwa. Bakinshi ya ci Munkaila. Yau sai mun ƙone rumfarshi."

Altine yana zaune a ƙarshen tabarma, kansa a ƙasa. Shi ya ɗinka likkafanin.

Na yi wa Ƙaya alkawari ba zan faɗi sunansa ba muddin yana numfashi. Na ga wani ya kwance galan ɗin fetur daga bayan babur. Sai na miƙe.

Abin da na roƙe su, shi nake roƙonku. Ku taya ni cewa Allah ya jiƙan Munkaila, ya jiƙan Ƙaya mai zaginsa, ya haskaka kabarin, don rami ɗaya muka haƙa musu, mutum ɗaya muka sa a ciki.