Ɗan Mai Tumatir da Dutsen Ƙanƙara

Zauna nan, ɗan ƙanena. Na ji ka ce ba za ka je Gusau gaida iyayen yarinyar nan ba sai man fetur ya sauko. To, bari in ba ka misalin wani mutum, in ka ji sai ka yi abin da ka ga dama.

Wani malamin makaranta ne aka tura ƙaro ilimi na shekara guda a wata ƙasa mai sanyi, inda dusar ƙanƙara ke rufe duwatsu fari fat. Mutanen can suna da wani wasa: su ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa, su riƙe sanduna, su sulalo daga kan dutse har ƙasa. Tun ranar da malamin ya gani a talabijin abin ya shiga ransa. Ya kira matarsa a gida ya ce ta share wuri a bangon falo, hoto na nan tafe. Ya sayi katakan na hannu, da wata jibgegiyar riga ja, da tabarau mai rufe rabin fuska, da hular da ke rufe sauran rabin. Yana da 'yar tsohuwar mota, dutsen kuma tafiyar awa biyar ce. Ana saura kwana biyu ya tashi, sai fetur ya yi tashin gwauron zabi. Shi kuwa ɗan mai tumatir ne, a rumfar babansa ya girma, kuma akwai karatun da ya riƙe daga can fiye da na boko: wawa ke sayen tumatir da safe, mai hankali yana jiran yamma. Ya tsaya gaban allon farashin gidan mai, ya taɓe baki, ya ce zai sauko ne, ya juya kan motarsa ya koma gida.

Akwai wani maƙwabcinsa, mutumin Maraɗi, mai aiki a gidan burodi. Shi da abokansa uku sun yi karo-karon kuɗin mai a mota ɗaya, suka ce malam ya zo ya zama na biyar. Malam ya ƙi. Ya ce shi ba zai matsu kamar kaji a akurki ba, kuma ba zai taimaki masu tsauwala farashi da ko lita ɗaya ba. Mutumin Maraɗi ya ce to, tunda kayan na jingine a lungu, ko za a ba shi aro na Asabar ɗaya. Aka ba shi. Asabar ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama tara. Yakan dawo da kayan ranar Lahadi a goge, ya haɗa da burodi mai zafi da godiya, wani lokacin har da hoto a waya. Malam kuwa sai ya sa kayan a ɗaki, ya hau kafet, ya lanƙwasa gwiwa yana karkata hagu da dama kamar yadda ya gani a talabijin, har gumi ya jiƙa shi. A kan kafet dai babu wanda ya kai shi iyawa, ko sau ɗaya bai taɓa faɗuwa ba. Kullum da safe kuma sai ya taka har gidan mai ya duba allo, har ma'aikatan suka fara gaishe shi kamar ɗan gida.

Ran nan fetur ya sauko kaɗan. Malam ya yi murmushin wanda magana ta zo kan tasa, ya cika tanki, ya ɗaure katakai a saman mota, ya kama hanya yana waƙa. Da ya isa sai ya tarar da dutse kore shar, tumaki na kiwo, ruwa na gangarowa ta ko'ina. Wani tsohon makiyayi ya dube shi cikin jibgegiyar rigarsa, ya nuna masa ɗan abin da ya rage na ƙanƙarar a inuwar wani dutse, bai fi faɗin tabarma ba. Malam ya hau ya tsaya, ya miƙa wa tsohon waya ya ɗauke shi. Hoton ya fito da tunkiya a gefe tana kallonsa. Nan ya zauna a kan ciyawa, kuma gaskiya ya ba ni tausayi, domin watan gobe karatunsa zai ƙare, kuma ya san ba zai sake ganin sanyin ƙasar nan ba.

A hanyar dawowa matarsa ta kira, ta ce ƙusa ta yi wata uku a bango, maƙwabta sun fara tambaya. Kunya ta kama shi. Ya duba hoton tunkiya, ya duba wanda mutumin Maraɗi ya turo masa, ga jar riga na keta ƙanƙara, fuska a rufe ruf. Ya tura mata na biyun. Ta kai aka wanke shi babba, aka sa masa gilashi. Har yau yana nan a falon. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambayi malam yaya mutum yake ji in yana sulalowa daga sama haka, shi kuma ya ce ai abin ba ya faɗuwa, sai wanda ya yi. A ƙarƙashin hoton mai burodi malam yake cin tuwonsa kullum.

Shi ya sa Hausawa suka ce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.